Yanar Idon Inna, da Yadda Muka Raka Ta Har Aka Cire

Bayan girbin 2024 na je gida hutun ƙarshen mako, ƙauyenmu da ke tsakanin Badagishiri da Illela, a jihar Tawa ta Nijar. Na isko Inna zaune bakin ɗaki da faifai a cinya tana tsintar wake. Na yi sallama ta amsa, ta ɗago kai wajen da muryata ta fito, amma idonta ya wuce ni, yana kan turmin da ke bayana. Sai da na durƙusa na kama hannunta sannan ta ce, "Ke ce? Lale, lale da mutanen Tawa." Da na duba faifan, tsakuwa na nan cikin waken da ta ce ta gama tsincewa, wake mai kyau kuma yana cikin wanda ta ware za ta zuba wa akuya.

Da dare matar ƙanena ta ja ni gefe ta ba ni labarin da babu wanda ya taɓa faɗa mini a waya. Damina biyu ke nan Inna ta daina zuwa suna da biki. Gaisuwar mutuwa ma, wadda a da ko da zazzaɓi take sai ta je, yanzu aike take yi. Sau biyu ta faɗi a dokin ƙofa. In za ta zuba fura, rabi a kofi rabi a ƙasa. Ƴar ƙanena mai shekara goma ce ke riƙe mata sanda zuwa makewayi da gidan maƙwabta, shi ya sa yarinyar ke zuwa lakwal yau, gobe ba ta je ba. Wannan ya fi komai sosa mini rai, domin ni malamar makaranta ce, kullum ina faɗa da iyayen da ke hana ƴaƴa mata zuwa aji, ashe a gidanmu ma ana yi, kuma babu wanda ya yi da mugun nufi. Ido ɗaya ya rufe, mutum biyu suka zauna.

Kowa a gidan amsarsa ɗaya: tsufa ne. Ni ma na sha faɗin haka. Tun shekarun baya take cewa tana ganin hazo ko da ba lokacin hunturu ba, rana na kashe mata ido, fitilar mota da dare na tarwatse mata. Sai in ce, "Inna, shekaru ne, sai haƙuri," in sayo mata atamfa da sukari in koma Tawa da zuciya ɗaya.

Da safe na ce mata mu tafi asibiti. Ta ce, "Mi za ni yi asibiti? Idon ga ya yi aikinshi. Abin da ya rage mini gani a duniya ba shi da yawa." Na san ba nan maganar ta tsaya ba. A hankali ta fito da tsoronta. Wani ɗan baffanta, shekarun baya, ya ba da idonsa ga masu aikin ido na gargajiya da ke bin kasuwanni. Suka soka masa wani tsinke, farin ya kauce, ya ga haske, aka yi murna aka biya su, suka wuce. Wata biyu ba a yi ba ido ya kumbura, ciwo ya hana shi barci, daga nan bai ƙara ganin komai ba har ya rasu. A wurin Inna, aikin ido duk ɗaya ne. Ga kuma maganar da ke yawo cewa a asibiti ana ƙwaƙulo ido a aje cikin kwano a wanke, wasu ma a sa musu na akuya.

Ban yi gardama da ita ba, don ni kaina ban san yadda ake yi ba. Na kira Yaya, babbanmu, wanda yake Abijan shekara da shekaru kamar yawancin mazan yankinmu na Adar. Inna ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne, sai dai ta ce "wancan na bakin teku." Maganarsa kuwa tana da nauyi a wurinta fiye da tawa. Ya ce mata, "Inna, ki je a duba kawai. In ba ki yarda ba, babu mai taɓa ki." Da wannan alƙawari ta yarda ta biyo ni, da sharaɗin in an taɓa ta ba da izininta ba, ba ta yafe ba.

Shawarwari suka yi ta zuwa. Wasu suka ce mu tafi Galmi, asibitin mishan da ke wajen Madawa, wanda yake aiki tun 1950. Wasu suka ce sai asibitin ido na Makka a Yamai. To, daga Tawa zuwa Yamai wajen kilomita 550 ne, ka bi Tsarnawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, yini guda cikin mota, ga tsohuwa mai ciwon gwiwa wadda ba ta ganin matakala. Kuma aikin ido ba zuwa ɗaya ba ne, sai an yi ta komawa. Na zaɓi mu fara da abin da ke kusa da gida. Majon asibitin unguwarmu, wato babban nas, ya haska mata tocila, ya kira ni ya nuna mini: tsakiyar baƙin idonta na dama ya yi fari kamar an ɗiga nono. Ya ce yanar ido ce, ya rubuta mana takardar zuwa wurin likitan ido.

Wajen yankan karne, wato ɗan littafin asibiti, aka tambayi shekarunta. Katinta ya ce an haife ta "wajen 1952," kamar na yawancin tsofaffinmu da aka yi wa takarda daga baya. Ita lissafinta daban ne. Tana goyon Yaya lokacin da soja suka karɓi mulki zamanin Kunce, wato 1974, ni kuma an yaye ni shekarar yunwar El-Buhari, 1984. Aka rubuta mata 72.

Ranar ganin likita mun fita bayan sallar asuba. Adaidaita na ɗauka ta kai mu har ƙofa, domin kabu-kabu ba abin hawan wanda ba ya gani ba ne. Duk da sammakon mun isko mutane. Tsofaffi ne akasari, kowa da ɗan jagoransa, mafi yawa yara ƙanana. Wani dattijo daga wajen Keita ya kwana a tasha da jikansa. Na riƙo tabarma, gorar ruwa da fura, kuma duk sun yi amfani, don sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya aka kira mu. Wanda zai raka tsoho asibiti ya ɗauki yinin nan ya ba shi gaba ɗaya, kada ya ce zai biya ya wuce wurin aiki.

Da farko aka zaunar da ita gaban allon gwaji. Na damu don Inna allon makarantar malam kaɗai ta sani, ashe ba karatu ake so ba. Wata alama ce mai kama da mataji mai haƙora uku, a nuna da hannu inda haƙoran suka fuskanta. Da idon hagu ta ga ta saman nan babba, ita ma sai da ta matso. Da na dama ba ta ga allon ba sam, ba ta iya ƙirga yatsu ba, sai dai in an kaɗa hannu gaban fuskarta ta ce wani abu ya gilma. Sai ma'aikaciyar ta kashe fitilar ɗakin ta riƙa haska tocila daga sama, daga ƙasa, dama da hagu, tana tambaya daga ina hasken yake. Duk Inna ta faɗa daidai. Na ga matar ta gyaɗa kai. Daga baya na fahimci wannan alama ce mai kyau, tana nuna bayan idon yana da rai, labule ne kawai ya tare. Aka auna ƙarfin ruwan cikin idon, aka ɗiga mata maganin da ke buɗe baƙin ido, muka koma benci muka jira ya kama.

Likitan ya sa ta aza haɓa a kan wata na'ura mai siririn haske. Ya tambayi tun yaushe abin ya fara. Na yi caraf na amsa. Ya tambaya ko yana ciwo, na ƙara amsawa. Sai ya ɗago ya ce, "Malama, bari Inna ta faɗa da bakinta, idonta ne." Na yi shiru. Kuma da ta fara magana sai na ji abubuwan da ban sani ba: cewa ta daɗe tana sayen maganin ɗigawa a wurin masu tallar magani a faranti, cewa kullum tana shan ƙwayar ciwon gwiwa biyu ko uku daga wurinsu, cewa ƙeyarta na yi mata nauyi da safe. Wata guda da na yi ina shirya tafiyar nan ban tambaye ta ko ɗaya daga ciki ba. Tun ranar, in muka shiga wurin ma'aikacin lafiya, a bayanta nake zama.

Ya yi mata bayani da Hausa, a natse. A bayan baƙin ido akwai wata ƴar ƙwaya garai-garai da haske ke ratsawa. Da shekaru sai ta riƙa dusashewa, kamar ruwan ƙwai da yake garau in ɗanye ne, in ya ji wuta ya koma fari. Babu ɗigo ko ƙwaya ko tofi da ke mayar da dafaffen ƙwai ɗanye. Abin da ake yi shi ne a ɗan tsaga gefen ido, a fitar da wadda ta dusashe, a sa wata ta roba mai tsabta a gurbinta, ta zauna har ƙarshen rai. Ido yana wurinsa, ba a fitar da shi. Masu tsinke kuwa tura ƙwayar suke yi ta faɗa can cikin ido, ba su sa komai a madadinta, ga ƙarfen da ba a dafa ba, shi ya sa ƙarshen abin yakan zama kumburi da makanta. Inna ta yi jim, ta ce, "To na akuyar hwa?" Ya ce, "Inna, akuya na buƙatar idonta." Ta yi dariya, karo na farko tun da muka baro ƙauye.

Na ɗauka daga nan sai a sa rana. Sai aka ɗaura mata abin awon tansiyo, wato hawan jini: 19 bisa 11, ya hau sosai. Aka bar ta ta huta, aka sake, bai sauka ba. Likita ya ce ba zai taɓa idon ba sai jinin ya sauka, don yana iya jawo zubar jini cikin ido ana tsakar aiki, kuma ma hawan jini irin wannan ya fi yanar haɗari, shi ke kawo shanyewar ɓarin jiki. Inna ba a taɓa auna ta ba tun haihuwarta ta ƙarshe. Shekara fiye da talatin. Washegari muka dawo ba ta ci komai ba aka gwada suga, Allah Ya taimaka shi lafiya lau.

Raina ya ɓaci a ranar, ina ganin an mayar da mu baya. Yanzu kam ina ganin makonni ukun da suka biyo baya su ne suka fi komai amfani a duk tafiyar. An ba ta ƙwaya ɗaya kowace safiya, aka ce ba irin wadda ake bari ba ce in an ji sauƙi. Aka ce ta daina ƙwayoyin gwiwar nan na faranti, domin irinsu na ɗaga jini, suna cin ciki da ƙoda, aka rubuta mata mai sauƙi. Ɗigon da take saye ma aka hana, don wasunsu in an daɗe ana sawa suna ɗaga ƙarfin ruwan ido. Sai maganar gishiri. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya ishi babban mutum a yini bai kai giram 5 ba, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Na tsaya na lissafa tukunyata: gishiri, magi uku, ga kanwa a wake da miyar kuka, ita ma kanwar dangin gishiri ce a jiki. Inna kuma tana taunar taba da kanwa tun tana amarya. Ban yi mata tukunya daban ba, don na san in aka ware ta za ta ji kamar an mayar da ita majinyaciya. Gidan duka muka rage, na ƙara daddawa, albasa da tafarnuwa. Maigidana ya yi ƙorafi kwana biyu, na uku ya saba. Tabar ce ta ba mu wuya. Ba ta bari gaba ɗaya ba, ta dai rage, ni kuma ban matsa ba.

Na sayi ƙaramin kaye na ƴan lakwal. Duk kwana uku mu taka zuwa asibitin unguwa a auna, in rubuta rana da lamba. 17 bisa 10, 16 bisa 9, ranar da ta kai 14 bisa 8 na ɗauki hoton shafin na aika wa Yaya ta WhatsApp. Tafiyar ƙafar nan ma ta yi mata amfani. Da farko hannuna take riƙewa ƙam, daga baya ta koma dafa kafaɗata tana ba ni labarin mutanen da ban taɓa gani ba.

Maganar kuɗi ba zan ɓoye ta ba. Mun ci sa'a, domin tun farkon Satumban 2024 gwamnati ta rage kuɗin asibitocinta da rabi, kuma mun ga sauƙin a takardun biya. Amma kuɗin da ke kan takarda wani ɓangare ne kawai. Akwai mota daga ƙauye, adaidaita zuwa da dawowa sau wajen goma, maganin farmasi, da kwanakin da na nemi izini a wurin aiki. Yaya ya aiko da nasa ta Nita, ƙanena ya sayar da buhun wake, ni na cika. Mu uku ne, kuma ɗaya na da albashi. Ina tunanin tsohuwar da ba ta da kowa a birni ko a bakin teku. Tun 2006 yara ƴan ƙasa da shekara biyar ake duba su kyauta a ƙasar nan, kuma hakan daidai ne, ƙasa ce da kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba. Sai dai wadda ta yi shekara hamsin tana noma, daka da ɗibar ruwa ba ta da fansho, ba ta da inshora, asusunta ƴaƴanta ne. Ni a ganina ko awon tansiyo da duban ido sau ɗaya a shekara aka kai wa tsofaffi har ƙauye, ranar kasuwa, kamar yadda ake bin yara da rigakafi, da an tsare gidaje da yawa daga abin da ya same mu.

Aka sa mana rana cikin Disamba. Kafin nan an auna tsawon idon da wata na'ura don a zaɓi ƙwayar roba daidai da ita, ashe ba ɗaya ake sa wa kowa ba. Aka karanta mata takardar yarda da Hausa, ta dangwala yatsa da kanta. Daren aikin na wanke mata kai, na tsefe kitson na yi mata manya guda huɗu. Da safe ta wanke fuska da sabulu, ba kwalli, ba mai, ta sha ƙwayar tansiyonta da ɗan kunu kamar yadda aka ce.

Su goma sha wani abu ne a ranar, jere a benci, an sa musu huluna, an yi wa kowa alama a goshi saman idon da za a yi. Da aka kira ta, ta miƙa mini carbinta, ta sake karɓa, ta ce a bar mata shi. Aka bar mata. Ban san sau nawa na karanta Ƙulhuwallahu a barandar nan ba. Abin da na sani, rabin awa ba ta cika sosai ba sai ga ta an riƙo ta tana takawa da ƙafarta, da auduga da filasta a ido. Ba a sa ta barci ba. Ta ce allura ɗaya aka yi mata a gefen ido, ita ce kaɗai ta yi zafi, daga nan sai haske da ruwa mai sanyi, tana jin su suna magana. An ce mata in tari ya taso ta faɗa tukuna, kada ta motsa kai. "Shi ke nan?" take ta tambayata a hanya. "Wai shi ke nan abin da na shekara biyu ina gudu?"

Washegari aka ɓare filastar. Ta daɗe tana ƙifta ido, hawaye na zuba. Ba ni ta fara kallo ba. Zanen jikinta ta kama, ta ɗaga shi kusa, ta sake shi. Ta ce, "Ashe shuɗi ne zanen ga? Ni na ɗauka baƙi ne, shi ya sa nike sa shi zaman makoki." Ni na saya mata shi, sallar da ta wuce waccan. Sannan ta juyo ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Ɗiyata, kin yi hurhura." Na kasa magana. Ma'aikaciyar ce ta ce mu matsa, akwai na baya.

Mutane na ɗauka in an ɓare filasta an gama. Wallahi daga nan ne aikin mai rakiya yake farawa. An ba mu ɗigo na hana ƙwayoyin cuta da na kwantar da kumburi, sau da yawa a yini da farko, ana ragewa mako-mako har fiye da wata. Na ɗaura su da lokutan salla don kada mu manta. In wanke hannu da sabulu, in ja fatar ƙasan idon, ɗigo ɗaya, bakin kwalbar kada ya taɓa ido, in jira minti biyar kafin na biyun. Lokacin da nake aji, babbar ƴata ce ke yi, na koya mata har ta fi ni saurin hannu.

Ga shi lokacin hunturu ne, Tawa ta cika da ƙura. Baƙin tabarau bai bar fuskarta ba in za ta fita tsakar gida. Na hana ta zama kusa da murhu, na hana ta shara da daka da ɗaukar bokiti. Na ɓoye tandun kwallinta. Abin da ya fi wuya shi ne hannunta, domin ta saba in ido ya yi ƙaiƙayi ta goge da bakin zane. Da dare muna ɗaura mata murfin robar da aka ba mu don kada ta murza cikin barci, na kuma raba ta da autana da ya saba kwana a jikinta yana wasa da fuskarta.

Salla ce ta fi damunta. An ce kada ruwa ya shiga idon, kada ta sunkuyar da kai ƙasa a kwanakin farko. Ta ce ita ba ta taɓa salla ba goshi bai taɓa ƙasa ba. Na roƙi limamin unguwarmu ya shigo ya gaishe ta. Ya ce, "Hajiya, addini bai ɗora wa rai abin da ba ya iyawa ba. Ki yi a zaune, ki yi nuni da kai, wurin da likita ya hana ruwa ki shafa a kan abin da aka rufe shi da shi." Abin da na kwana biyu ina faɗa ba ta ji ba, daga bakinsa sau ɗaya ya zauna.

Masu zuwa dubiya kowa da maganinsa. Wata ta kawo zuma a ɗiga, wata ta ce nonon mai jego, wata ta zo da ruwan Zamzam a ƴar kwalba. Na karɓa da hannu biyu na yi godiya, Zamzam ɗin Inna ta sha, zumar ta shiga kunu, babu abin da ya kusanci idon. A kwana na biyar ta tashi tana cewa kamar yashi a ciki, ya ɗan yi ja. An riga an gargaɗe mu: ciwo mai tsanani, ja mai ƙaruwa, ruwa mai kauri, ko gani ya koma baya, kada a jira ranar da aka sa mana ta komawa. Ban tsaya aunawa ba, muka koma. Aka duba aka ce bushewa ce da ƙura, babu komai. Ban yi nadamar kuɗin adaidaitar ba. Bayan mako ɗaya muka koma, bayan wata ɗaya muka ƙara komawa, aka ba ta tabarau na ganin kusa, domin ƙwayar robar an daidaita ta ne da ganin nesa.

Tana cikin jinyar nan, ƙarshen Janairun 2025, muka ji a rediyo cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta kawar da makantar kogi, cutar da cizon wani ƙudan bakin kogi ke yaɗawa, ƙasa ta farko a Afirka. Na yi murna ƙwarai. Na kuma tuna bencin nan na tsofaffi. Yanar ido ita ce kan gaba wajen makantar da mutane a duniya, alhali aikinta bai kai lokacin dafa shinkafa da wake ba.

Akwai abin da ya rage mini farin ciki, kuma dole in faɗe shi. Labari ya kai ƙauye cewa Inna na gani. Aminiyarta tun ƙuruciya, wadda muke kira Gwaggo, ta sa aka kawo ta gidana, ita ma a cire mata. Na raka ta da ƙarfin gwiwa, har ina yi mata alƙawari a hanya. Baƙin idonta tas yake, babu fari. Da aka haska tocila ta dama, ba ta san an haska ba. Likita ya ce nata hawan jinin ido ne, ruwan ciki ya daɗe yana danne jijiyar gani har ta bushe, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ba ya ciwo, daga gefe yake fara ci, mutum ba ya lura sai ya rage kamar mai leƙe ta cikin kara. Ɗan abin da ya saura a idon hagu shi za a tsare da ɗigo kullum har abada. Ya ce ƴaƴanta da suka haura arba'in su zo a duba su, don yana bin dangi. A adaidaita Gwaggo ba ta ce komai ba sai da muka kusa gida, ta ce, "Da an kawo ni tun da wuri hwa?" Na ce, "Allah Ya sa haka shi ne mafi alheri, Gwaggo." Inna ce ta zauna da ita daren nan, suna magana ƙasa-ƙasa har na yi barci.

Azumi ya kama farkon Maris. Majo ya mayar mata da ƙwayar tansiyo lokacin sahur, muka ci gaba da awo. Bayan salla aka yi idon hagu, wannan karon ita ce ke kwantar wa na kusa da ita hankali a benci, tana gaya wa wata tsohuwa daga Abalak cewa allurar ce kawai, ita ma kamar cizon kunama ƙarama.

Kafin ta koma na je ƙauye ni da ƙanena muka yi ƴan gyare-gyare, don gwiwar na nan ko da ido ya buɗe. Ya sassabe dokin ƙofar da ya kayar da ita. Muka kafa sanda mai ƙarfi a makewayi inda za ta dafa, kafinta ya yi mata kujera mai rami don ta huta da tsuguno. Na aje mata tocila mai cajin rana a kan gado. Na kai kayen tansiyon wurin ma'aikacin asibitin da ke kusa da su, muka yi magana za ta riƙa zuwa duk wata, ni kuma in aiko da ƙwayar wata biyu-biyu kafin ta ƙare. Yarinyar ta koma aji. An maimaita mata shekara, amma tana zuwa kullum.

Inna ta tafi ranar Lahadi da motar ƴan kasuwa, karnenta ƙulle a bakin shuɗin zanen nan. A tasha na kama hannunta zan taimaka mata ta hau, ta zame, ta kama ƙarfen da kanta. Shekaranjiya ta sa aka kira ni. Ta bi gida-gida ta samo mutum uku masu ganin hazo, mata biyu da wani tsoho mai gyaran rijiya, za su iso ranar Lahadi su kwana wurina don su kama layin Litinin. Ta ce in gaya musu su zo da katinsu, kuma kada wanda ya sa kwalli. Na wanke tabarmi, na sayo kaye uku.